Taron masu ruwa da tsaki, amma ban ga masu ruwan ba

Wancan makon na tsinci kaina a wani taro da ban yi shirin zuwa ba. Wani mutumina ne da muka yi makaranta tare ya kira ni da daddare, ya ce Malam gobe akwai zaman jin ra'ayin jama'a kan tsarin wutar lantarki na shekaru masu zuwa, kai da kullum kake cika mana guruf da zancen kogi da 'yan fito, to ga inda za ka faɗa a ji, in kuma ba ka zo ba kar ka ƙara damun mu. Na ce Allah ya kai mu. Da safe na saka 'yar kaftanina mai dama-dama na hau keke napep sai otal ɗin.

Ba zan faɗi waɗanda suka shirya ba, don ba su na zo yi wa tonon silili ba, kuma gaskiya sun karɓe mu hannu bibbiyu, an yi rajista an ba kowa biro da ɗan littafi da ruwan roba. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne ƙaton ƙyallen da aka rataya a bayan manyan baƙi, an rubuta da Turanci, a ƙasa kuma aka fassara da Hausa: taron masu ruwa da tsaki. Na waiga dama na waiga hagu. Ga injiniyoyi, ga mutanen kamfanonin rarraba wuta, ga masu masana'antu da ƙungiyar masu walda, ga 'yan jarida, ga wakilin wani basarake da dogarinsa, ga ɗalibai 'yan jami'a da aka ciko bas da su. Masu tsaki kam an samu, don kowa ya tashi sai ya ja tsaki kan kuɗin wuta. Amma masu ruwan, waɗanda hannunsu ya yi kanta da filafili, ban ga ko mutum biyar ba, kuma kusan rabin abin da aka tattauna ranar a kan ruwa ne, ina za a ƙara datsewa, nawa za a tara, yaushe za a saki.

Bari in faɗi abin da ya sa abin ya tsaya min a rai. Ni ɗan ƙasar Yawuri ne. Kakana na wajen uwa Basarke ne, ɗan fito, a ruwa aka haife shi a ruwa ya tsufa, kuma har yau Kawuna ƙanen mahaifiyata sana'ar da yake yi ke nan, ya fitar da mutane da kaya ranar kasuwa, sauran ranaku ya jefa birgi ko ya kafa mamari. Ni boko ya raba ni da ruwa, amma duk hutu a can nake yi tun ina yaro, kuma ba na jin akwai abin da na iya a duniya da ya kai zaman gaban jirgi ina kwarfe ruwa da gwangwani.

Kogin nan da littafi ke ce wa Neja mu Kwara muke ce mishi. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130, tun daga bakin dam har ya taɓo mu a Yawuri. Mutum wajen 44,000 aka tasa. Tsohon garin Busa gaba ɗayansa yana ƙarƙashin ruwa yanzu, shi ya sa ake da Sabuwar Busa, duwatsun nan da suka ci Baturen nan mai binciken kogi Mungo Park a 1806 su ma sun nutse. Gungawa da ke zaune a tsibirai suna noman albasa da ban ruwa tun kaka da kakanni aka kwaso su aka zuba a tudu cikin wasu gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, Kakata Allah ya jiƙanta ta ce da rani kamar tanda da hunturu kamar randa. Na tambaye ta wata rana, Kaka an tambaye ku kuwa kafin a yi? Ta yi dariya ta ce an gaya mana dai. Wai Bature ya zo da tafinta da mutanen sarki, aka ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwa, aka ce ruwa na zuwa. Tambaya daban, sanarwa daban, ita ma da ba ta yi boko ba ta san bambancin.

Abin da mutanen tudu ba su cika ganewa ba shi ne kogi yana da agogonsa. Kwara a wajenmu sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda aka yi samansa can tsaunukan Gini, ya yi ta yawo cikin fadamun Mali wata da watanni har lakarsa ta kwanta, sai ya iso mana garau cikin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Duk rayuwar ɗan ruwa a kan waɗannan biyun aka ɗora ta, yaushe kifi zai hau fadama ya yi ƙwai, yaushe burugu zai fito a yanka wa shanu, yaushe za a dasa albasa, wace hanya jirgi zai bi, wane gungu ne zai nutse wane ne zai fito. Kakana ba ya duba kalanda, ɗanɗana ruwan yake yi ya duba launinsa ya ce saura kwana kaza. Da aka yi dam sai agogon ya koma hannun wani mutum da ke zaune a ofis gaban na'ura, shi kuma ba kifi yake dubawa ba, megawat, wato ma'aunin ƙarfin wuta, yake dubawa. Ba laifinsa ba ne, aikin da aka ɗauke shi ke nan.

Na tuna wata fita da muka yi da Kawu ina ɗan shekara 12 haka. Bayan asuba ne, hazo ya rufe ruwa ba ka ganin ƙetare, muna ɗauke da buhunan albasa shida da wata tsohuwa da akuyarta. Lokacin ba shi da inji, filafili ne da gora. Ruwa ya ja baya sosai a shekarar, sai da muka yi tafiya mai nisa cikin taɓo kafin mu kai inda jirgin yake. Muna cikin tafiya sai na ga ya daina tuƙi, ya kafa filafili a gefe ya karkata jirgin a hankali kamar mai kewaye wani abu, ni kuma ban ga komai ba sai ruwa shimfiɗe. Na ce Kawu mene ne? Ya ce ɗan nan dubi can, ka ga inda ruwa ya yi ɗan murmushi? Wallahi sai da na ƙura ido sannan na ga wata 'yar da'ira da ba ta kai faifai ba tana juyawa. Ya ce kan ɗorawa ce, gonar su wane ce a da, akwai uku a jere, ta biyun ita ce muguwa. Bai rufe baki ba sai ji muka yi ƙurrr a ƙarƙashinmu, ashe akwai ta huɗu da shi ma bai sani ba. Katako ɗaya ya tsage, ruwa ya fara tsartuwa kamar an huda salka, tsohuwa ta kama salati akuya ta kama kuka, Kawu ko gezau, ya cire hularsa ya cusa a tsagar ya taka da diddige ya ce min kwarfe, kar ka tsaya kar ka kalli ruwan. Haka na yi ta kwarfa har hannuna ya mutu muka kai gaɓa. Da yamma ya toshe wurin da auduga da narkakkiyar kwalta, washegari ya koma aiki.

Itatuwan nan da ba a sare ba duka kafin a tara ruwan, yau shekara hamsin da ɗoriya suna nan tsaye a ƙasa, ruwa ya cika su ɓuya, ruwa ya ja su leƙo, mafi hatsari kuma lokacin da suke tsaka-tsaki, taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Taswirarsu tana kan tsofaffi irin su Kawu, kuma taswirar tana aiki ne kawai in mutum ya san inda ruwa ya tsaya yau. In aka canza yadda ake tara ruwa da sakinsa, ilimin shekara arba'in ya tashi a banza.

To mu koma otal. Wani injiniya ne ya yi babban jawabi, dattijo mai natsuwa, kuma na yaba mishi don ya yi ƙoƙarin sassauta Turancinsa har yana jefa Hausa. Ya kawo tarihin da kowa ya sani, Kainji megawat 760, Jebba da aka buɗe a 1985 megawat 578, Shiroro a kan kogin Kaduna 1990 megawat 600, sai Zungeru ta baya-bayan nan megawat 700 ita ma a kan Kaduna. Ya taɓo madatsar Mambila da a da aka ce za ta ba da megawat 3,050, wadda tun kafin a haife ni ake zancenta, zauren ya ɗan yi dariya. Ya ce burin da gwamnati ta daɗe tana faɗa shi ne megawat 30,000 zuwa 2030, kashi 30 cikin ɗari daga makamashi mai sabuntawa, alhali abin da ke isowa layi yawancin ranaku bai wuce dubu huɗu zuwa biyar ba. Ya ce dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofa su tsara kasuwar wutarsu da kansu, ta kuma wajabta a yi tsari guda na ƙasa na dogon zango, shi ya sa ake irin wannan zagayen jin ra'ayi. Duk wannan na bi shi da ido ina gyaɗa kai.

Inda na miƙe zaune shi ne da ya zo kan sola. Ya ce arewa Allah ya hore mata rana, nan gaba manyan gonakin sola ne za su ɗauki nauyin rana tsaka, to amma rana na faɗuwa daidai lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna fanka da talabijin, sai a buƙaci abin da zai tashi da sauri ya cike giɓin, kuma injin dam yana da saurin tashi, cikin 'yan mintoci ya kama. Saboda haka, in ji shi, dam zai zama kamar batir, a riƙe ruwa da rana a sake shi da magariba. Mutane suka tafa. A lissafin wuta maganar ba ta da makusa, ni ma na yarda.

Amma ni abin da na gani a raina daban. Riƙe ruwa da rana a sake shi da dare, ga wanda ke zaune ƙasan dam, ma'anarsa kogi zai riƙa sauka da hawa kullum ta Allah, ba sau biyu a shekara ba. Wanda ya ɗaure jirginsa a kan yashi da la'asar ya tarar da shi yana lilo a tsakiyar ruwa da asuba ko ma ya tarar babu. Wanda ya kafa taru da yamma ya zo ya samu igiyar ruwa ta tafi da shi ko ta nannaɗe shi a jikin kututture, tarun da sai ya sayar da tunkiya ya saya. Mashigin da yara ke ƙetarawa da ƙafa su je makaranta da hantsi ba shi ne mashigin da za su tarar in sun yi yamma ba. Mu na saman Kainji namu da sauƙi a wannan, tafki ne babba ba ya motsi a dare ɗaya, abin da Kainji ta saki kuma tafkin Jebba ne ke tare shi. Amma ƙasan Jebba da ƙasan Zungeru kogi ne sake, can kuma akwai dubban 'yan ruwa, Nufawan nan da ake kira Kede na wajen Muregi inda Kaduna ke zuba a Kwara, waɗanda su ma tuƙi gadonsu ne kamar Sarkawa, da Kakanda can gaba wajen Lokoja, da 'yan'uwanmu masunta da suka gangara ci-rani suka zauna.

Aka zo lokacin tambayoyi, aka ce minti biyu-biyu. Kafin a zo kaina wani bawan Allah ya tashi daga can baya, da gani ka ga ɗan ruwa, ƙafa a tsage wuya a ƙone, ashe rakiya ya yi wa wani kansila. Hausarsa da ɗan gargada amma ta fita. Ya ce ranka ya daɗe mu muna ƙasan ɗaya daga cikin madatsun nan, ba mu ce kar a saki ruwa ba, ruwanku ne, amma a riƙa gaya mana. Ya ce da damina in za a buɗe manyan ƙofofi akan sanar a rediyo, wannan sun gode, amma sakin yau da gobe na injin babu mai faɗa musu, sai dai su ji kukan ruwa ya canza. Ya ce bara cikin dare ɗaya jirage huɗu suka tsinke a mashayarsu, biyu aka samo. Mai riƙe da makirfo ya ce minti biyunka sun cika Baba. Aka tafa mishi, aka ce an rubuta.

Da aka zo kaina na ce Yallaɓai tambayata ɗaya ce, a cikin wannan tsarin na shekaru ashirin ko fiye, akwai shafin da ya yi maganar masu jirgin fito da masunta, ba a matsayin waɗanda za a biya diyya in an tashe su ba, a matsayin masu amfani da kogin kullum? Injiniyan bai yi min ƙarya ba, kuma na girmama shi a kan haka. Ya ce wannan tsari ne na sama, lissafin buƙata da samarwa, maganar al'umma tana zuwa ne in an zo gina kowane aiki, lokacin ake yin binciken tasiri ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, a ajiye rahoton kwana 21 na aiki kowa ya je ya duba ya yi ƙorafi.

Nan fa gizo ke saƙar. Na taɓa ganin irin rahoton nan da idona a wata sakatariyar ƙaramar hukuma, kauri kamar bulo, Turanci zalla da jadawali, an ɗora shi kan tebur a ofishin da sai ka yi sa'a ka tarar a buɗe, sanarwar kuma a jaridar da ba ta zuwa garin. Ka ce Kawu ya bar fito ranar kasuwa ya hau mashin ya je ya karanta shafi ɗari huɗu ya rubuta ƙorafi? Ko ni da digirina sai da kaina ya yi ciwo. Kuma mafi muhimmanci, kafin a kai wannan matakin an riga an gama magana, an zaɓi kogi, an zaɓi wuri, an ciwo bashi, ɗan kwangila ya kawo motoci. Abin da ya rage a tattauna shi ne nawa ne kuɗin mangwaro nawa ne kuɗin ɗaki. Shawarar gaske, wato dam nawa, a ina, kuma yaya za a riƙa juya ruwan, a wannan tsarin na sama ake yanke ta, a irin wannan zauren mai sanyin AC, inda ɗan ruwa ɗaya tak ya samu minti biyu shi ma don ya yi rakiya. Mutanen yankin madatsar Bakolori sun ga abin da rashin jin magana tun farko ke haifarwa a 1980, manoma suka tare hanya kan gonaki da diyya, aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka da dama, har yau ba a daina zancen ba a ƙasar Mafara.

Kar wani ya ce ina adawa da wuta. Ni da na kwana cikin duhun Oktoban 2024 lokacin da arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na ga mai ƙanƙara ya zama sarki, na ga masu shinkafa sun rufe inji, ba zan ce kar a nemi wuta ba. 'Yan ruwa ma sun fi kowa buƙatarta. Kifin da Kawu ke kamawa in bai sayar kafin azahar ba sai banda, matansa su wuni cikin hayaƙi idanu jajur, itacen ma yanzu saye ake, da akwai wuta tsayayya da ɗakin sanyi a bakin mashaya da giwan ruwa ɗaya ya biya kuɗin makarantar yaro. Abin haushin ma ai shi ne ƙauyuka da yawa na bakin tafkin da aka tashe su saboda wuta har yau da tocila suke kwana, manyan wayoyi sun bi ta kansu sun wuce birni.

Kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, mu ma da namu. Hatsarin da aka yi kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ranar 26 ga Mayu 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150, 'yan kaɗan aka tsamo da rai, ba dam ne ya loda mishi mutane da babura da buhuna fiye da ƙima ba. Na Patigi a Yunin 2023 da ya ci fiye da mutum 100 'yan dawowa daga biki, cikin dare aka yi tafiyar. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare ta ce a sa rigar ruwa, HYPPADEC da aka kafa don yankunan da ke samar da wutar ruwa ta raba rigunan, amma je ka mashaya ka gani, wani ya mai da tasa matashin kai, wani ya ce zafi, wani ya ce shi Basarke ne ruwa ba ya cin sa. Na sha yin faɗa da Kawu kan wannan, in na matsa sai ya ce to Malam Bature. Sai dai ko a nan ɗin ma akwai zaren da ya haɗa, mai jirgi yana lodi ne don fetur ya yi tsada kuma in ruwa ya ja hanya ta ƙara nisa sai an yi kewaye, yana tafiyar dare ne don babu gada babu titi, titin da ma can ruwa ya cinye.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba sam a taron, sai a wajen cin abinci na ji wasu biyu suna zancensa, shi ne Kandaji. Jamhuriyar Nijar na gina nata dam ɗin a kan Kwara can sama da Yamai a jihar Tilaberi, megawat 130, aikin yana tafiya yana tsayawa, kuma ba mai ganin laifinsu musamman bayan da aka yanke musu wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023 lokacin takunkumi, kowa ya ga haka sai ya nemi nasa. To amma baƙin ruwan nan namu ta nan yake biyowa. Ranar da aka rufe ƙofar Kandaji, agogon Yawuri ya sake komawa hannun wani, wannan karon ma a wata ƙasa. Akwai hukumar ƙasashe tara masu kogin da ke da hedikwata a Yamai, can ake irin wannan ciniki, kuma ina shakkar ko an taɓa jin muryar ɗan fito a can, na Ayoru ne ko na Gaya ko na Yawuri.

Na kuma ji ana ta sha'awar shimfiɗa faifan sola a kan fuskar tafki, wai ruwa na sanyaya su kuma ba a cin gonar kowa. Dabara ce mai kyau. Tambayata dai a wane gefen, don wurin da ya fi kwanciya babu iska babu igiya, kusa da gaɓa, shi ne dai wurin da masu tarun dala ke jan ƙananan kifin warangi kuma nan jirage ke fakewa in hadari ya taso. A taswira ruwa ne shuɗi babu kowa. A ƙasa kowane lungu da sunansa da mai shi da Sarkin Ruwan da ke raba rigimarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tara mutanen nan ba wuya gare shi ba. Kowace mashaya tana da shugaban 'yan jirgi, kowane yanki da Sarkin Ruwa, ranar kasuwar Malale ko ta Yawuri ko ta Warra duk suna wuri ɗaya ba sai an ba kowa kuɗin mota ba. Lokacin Rigata a Yawuri ko bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934, manya na zuwa su zauna a rumfa su kalli tseren kwale-kwale su tafa su ba da kyautar babur, a ce cikin kwanakin an ware yini ɗaya an zauna a tabarma da matuƙan nan an buɗe taswira an yi magana da Hausa da Nufanci da Gunganci, ai da an ji abin da ba ya cikin kwamfuta. Za su gaya maka shekarar da ruwa ya fi ja, da inda yashi ke taruwa yanzu wanda da babu, da watan da kainuwa ke toshe hanya, da inda dorina ta koma tun da aka canza mata wurin kiwo.

Da aka tashi an ba mu tekawe da ambulan na kuɗin mota, aka ce duk mai ƙarin bayani ya tura ta imel cikin mako biyu. Na nemi bawan Allahn nan na ƙasan dam ban gan shi ba, an ce kansilan nasa ya yi sauri.

Da daddare na kira Kawu, sai da na kira sau uku don sai ya hau tudun bayan masallaci yake samun sabis. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da zancen batir da sakin ruwa da magariba. Ya yi shiru, ya ce to su masu wutar sun san ruwa na da gaba da baya kuwa? Na ce sun sani Kawu, a takarda. Na ce in da kai aka ba makirfo me za ka ce? Ya ce abu uku. A cire itatuwan nan ko a kafa musu alama, an fara sarewa wajen Malale bayan abin Warra amma tafkin da girma. A riƙa faɗa musu a rediyo ko a waya duk mako ruwa zai hau ko zai sauka kuma kamu nawa, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. A yi musu mashaya ta kankare mai gangara wadda ruwa ya cika ko ya ja jirgi zai iya tsayawa, mata masu ciki su daina tafiya cikin taɓo har gwiwa. Na ce shi ke nan? Ya ce in sun yi wannan su riƙe wutar.

Na ce a'a ba za su riƙe ba, wutar ma haƙƙinku ce, kuma ba ni zan rubuta muku ba, ku za ku faɗa da bakinku. Na sa ɗansa ya bi 'yan jirgin mashayarsu da waya ranar kasuwa yana ɗaukar muryarsu a WhatsApp yana turo min, zuwa jiya na samu guda 14, da na wata mata mai bandar kifi da ta ƙwace wayar ta ce ita ma sai ta yi. Ina zaune ina juya su zuwa rubutu ɗaya bayan ɗaya, Hausar a sama fassarar Turanci a ƙasa, saura kwana biyar a rufe imel ɗin. Na Kawu minti 11 ne, kusan bakwai a ciki kan tsadar fetur da wani ɗan fito na ƙetare da ke karya musu farashi, ina ta tunanin in yanke ko in bar musu shi yadda yake.